Tok-am ko kwantirol-am: a ina ne ainihin bambancin ƙafar bayan motocin gudu?

Duk wanda yake bibiyar hirar masu gyaran motocin gudu na Amurka, musamman masu Mustang da Camaro, ya san akwai wata gardama da ba ta ƙarewa, wai tsakanin tok-am da kwantirol-am, wato ƙarafa iri biyu da ke riƙe aksil a jikin mota, wanne ya fi a ƙafar baya. Wani zai rantse maka tun da ya sa tok-am motarsa ta zama wata aba daban a kwana, wani kuma ya ce kai ɓarnar kuɗi ce kawai, ga motoci nan da ƙafarsu ta kamfani suna cin gasa. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne su kansu kamfanonin sun bar tsarin aksil guda ɗaya da ake gardamar a kansa, Chevrolet ta dawo da Camaro a 2010 da ƙafar baya wadda kowace taya ke motsi ita kaɗai, Ford ma ta bi sahu a Mustang ta 2015. To amma tsofaffin motocin ba su ɓace ba, su ne ma yanzu suke hannun masu ƙara wa inji ƙarfi saboda sun fi araha, shi ya sa maganar take nan da ranta.

Sannan sunayen ma kansu suna ɓatar da mutum. Motar da ake ce wa mai tok-am ita ma fa tana da kwantirol-am guda biyu a ƙasa. Ashe ke nan ba wai a cire wannan a sa wancan gaba ɗaya ba ne, rigimar a kan hannuwan sama ce kawai.

Da farko, wace irin mota ake magana?

Maganar ta shafi motar da tayoyin baya ne ke turata, kuma tayoyin biyu suna jikin aksil guda ɗaya sanƙararre, irin wanda za ka gani idan ka leƙa ƙarƙashin Hilux ko Land Cruiser, ƙarfe ya taso daga wannan taya zuwa waccan da wani tulu a tsakiya inda farfela ke shiga. Amurkawa kabewa suke ce wa tulun nan. Camry da Corolla da Accord ba sa ciki tunda yawancinsu tayar gaba ke ja. Yawancin BMW da Marsandi na zamani ma ba sa ciki, nasu tsarin daban ne, kowace taya da hannuwanta.

Shi wannan aksil ana so ya riƙa hawa da sauka, ya kuma iya karkata idan taya ɗaya ta hau tudu ɗaya tana ƙasa. Amma akwai abu uku da ba a so ya yi. Kar ya matsa gaba ko baya, kar ya goce hagu ko dama, kar kuma ya murɗe. Na ukun nan shi ne tushen zancen. Idan ka taka totur, inji ya murɗa tayoyi gaba, to shi kuma gidan aksil ɗin ƙoƙari yake ya juya baya, hancin tulun ya ɗaga sama. Wanda ya taɓa riƙe injin huda ƙarfe bakinsa ya cije ya san yadda yake fizgar hannu ta ɗaya ɓangaren, to haka ne. A motar da ke da sifirin na faranti kamar Hilux, faranten ne ke shanye wannan murɗa, su lanƙwashe su saki su sake lanƙwashewa, daga nan ne ake samun tayar baya tana tsalle tana dukan ƙasa idan an fizgi mota da ƙarfi. Idan kuwa sifirin ɗin na naɗi ne, shi ba ya riƙe komai sai nauyi, dole a kawo ƙarafan da za su yi sauran aikin. Waɗannan ƙarafan su ne hannuwan.

Hannu huɗu: biyu a ƙasa, biyu a sama a karkace

Wannan shi ne abin da mutane ke nufi idan sun ce kwantirol-am a wannan gardamar. Mustang ta yi amfani da shi daga 1979 har 2004, ban da wasu na ƙarshe-ƙarshe samfurin Cobra da aka sa musu ƙafa mai zaman kanta. Tsarin ma ba don motar tsere aka zana shi ba, gadonsa aka yi daga Ford Fairmont ta 1978, motar iyali. GM, wato General Motors mai Chevrolet da Buick, ita ma ta yi irinsa a su Chevelle tun 1964 da kuma su Monte Carlo da Buick Regal na shekarun 1980.

Hannuwan ƙasa dogaye ne, su ke tura mota gaba. Na sama gajeru ne kuma ba a miƙe suke ba, an karkata su sun haɗu wajen saman tulun kamar harafin V. Dalilin karkatawar shi ne a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, su hana aksil murɗewa su kuma hana shi gocewa gefe. Ga kamfani wannan riba ce, kaya kaɗan, nauyi kaɗan, ga wuri ya samu na tankin mai da salansa.

Matsalar tana fitowa ne a kwana. Idan bodi ya kwanta gefe guda, hannuwan nan huɗu kowanne yana son ya bi tasa da'irar, kuma lissafin ba ya fita sai in wani hannu ya ɗan ƙara tsawo wani ya ɗan ragu. Ƙarfe kuwa ba ya miƙewa. Abin da ke ceton tsarin shi ne bushin na roba da ke bakin kowane hannu, shi ke matsewa ya ba da wannan ɗan wurin. Amma robar da ta yi laushin da za ta ba da wuri ita ce kuma ke barin aksil yana ɗan yawo gefe da gefe a ƙarƙashin mota, sai direba ya ji gindin motar kamar ba ya bin umarni nan take.

Nan ne masu gyara da yawa ke faɗawa rami. Mutum ya ga roba ta yi laushi sai ya cire duka takwas ya sa masu tauri, yana ganin ya gyara. Yawon ya ragu kam, amma yanzu babu mai ba da wuri, sai ƙafar ta cije. Ana iya ganin wannan da ido a gareji: a ɗaga motar a kan jak, a cire sifirin, a kwance shok da sitabilaiza, wato sandar da ke rage kwanciyar bodi a kwana, sannan a sa jak ƙarƙashin taya ɗaya a riƙa ɗagawa a hankali. Idan ƙafar lafiya take, gefen zai yi ta hawa ɗayan yana zaune. Idan ta cije, tun bai yi nisa ba za ka ga ɗaya gefen ya fara biyo shi ko ma bodin ya fara motsi a kan abin da aka ɗora shi. A kan titi ma'anar wannan ita ce ana tsakiyar kwana sai bayan motar ya yi tauri farat ɗaya kamar an ƙara masa wani sifirin, nauyi ya faɗa kan tayar waje, gindi ya kwashe ba sallama. Wannan halin ne ya ɓata wa tsofaffin Mustang suna a kwana.

Ƙarfin da ba shi da wurin zuwa kuma a jikin mota yake ƙarewa. Wuraren da hannuwan ke ɗaure a bodin Mustang falle ne ba mai kauri sosai ba, masu sa tayoyi masu kama ƙasa suna fizga daga tsaye sun saba ganin wajen ya tsage, har akwai faranten ƙarfe da ake sayarwa musamman don a yi waldarsu a wurin. Ita ma Ford ta san da tsallen taya, shi ya sa wajen 1984 ta ƙara wasu shok biyu a kwance a bayan aksil na Mustang masu ƙarfin inji, suka zama huɗu.

Tok-am: kowa da aikinsa

A nan an cire hannuwan sama. A madadinsu an ɗaure wani dogon ƙarfe tam a jikin tulun aksil, ya miƙe gaba yana bin gefen farfela har kusan tsakiyar mota. Aikinsa ɗaya ne, hana murɗewa. Hannuwan ƙasa biyu suna nan suna turawa. Gocewa gefe kuma an ba wata sanda da ke kwance a gicciye, baki ɗaya a bodi ɗaya a aksil, wadda ake kira sandar Panhard, sunan wani tsohon kamfanin mota na Faransa.

GM ta sa wannan a Chevrolet Monza tun 1975, amma inda ya yi suna shi ne Camaro da Firebird daga 1982 zuwa 2002, shekara ashirin cur. Buick ma da ta zo yin GNX, wani samfurin Regal mai ƙarfi, a 1987, guda 547 kacal, ba ta bar ƙafar Regal yadda take ba, ta sa mata ƙarfen riƙe murɗa da sandar Panhard.

Tsofaffin makanikai a Kano da Kaduna sun san ɗan uwan wannan tsari ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Fijo 404 da 504 wagon, farfelarsu a cikin wani bututu take tafiya, bututun yana ɗaure da aksil yana kai ƙarfin gaba wajen giyabos. Dabarar kusan ɗaya ce, dogon abu mai tauri ya riƙe hancin aksil. Bambancin dai shi bututun Fijo har turawa yake yi, shi kuwa tok-am bakinsa na gaba ba a ɗaure shi ƙam, ana barinsa ya ɗan zame gaba da baya cikin roba ko ya yi lilo a ɗan guntun mahaɗi, don kar ya yi faɗa da hannuwan ƙasa.

Tunda babu ƙarfen da ke aiki biyu, bodi yana iya karkata ba tare da cijewa sosai ba. Taurin bayan motar sai ya koma hannun sifirin da sitabilaiza, abubuwan da mutum zai iya canzawa ya san me ya canza. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera tok-am na Mustang irin su Maximum Motorsports da Griggs Racing suka samu kasuwa wajen masu tseren kwana-kwana. Kuma shi ya sa wanda ya koma tok-am ake ce masa ya ƙara taurin sifirin baya, domin taurin da cijewar can ke bayarwa a ɓoye ya tafi. Wani amfanin shi ne tsawon hannun yana sa kusurwar da farfela ke shiga tulu ba ta canzawa da yawa yayin da ƙafa ke hawa da sauka, gajerun hannuwan sama kuwa suna juya hancin sosai.

Maganar danna taya ƙasa

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, wai tok-am yana dasa taya a ƙasa. Akwai gaskiya a ciki amma ana zuzuta ta.

Idan mota ta fizga, nauyi yana komawa baya. Yawan nauyin da zai koma ya dogara ne da ƙarfin fizgar, da tsayin inda nauyin motar ya taru, da tazarar tayar gaba da ta baya. Babu wani hannu da zai ƙirƙiro nauyin da babu. Abin da hannuwa ke yi shi ne zaɓar hanyar da nauyin zai bi ya isa taya, ko ta sifirin, wato gindi ya tsuguna tukuna, ko ta ƙarafan kai tsaye. Wannan shi ake auna wa da kaso, idan an ce ɗari bisa ɗari to gindin ba ya tsugunawa ba ya ɗagawa, idan ya haura haka bodi ɗagawa yake yi yayin da aksil ke dannuwa ƙasa. Ta ƙarfe nauyin ya fi saurin isa, kuma a daƙiƙar farko ta tashi wannan saurin yana da tasiri.

Tok-am yana yin haka a sauƙaƙe, hancin tulu na son ɗagawa, bakin hannun na gaba ya tokare bodi ya tura shi sama, aksil ya dannu. Idan hannun gajere ne turin ya fi ƙarfi. Sai dai hannu huɗu ma yana yi, kuma a wani fannin ya fi sassauci. Idan ka ja layi ta hannun sama da na ƙasa ka bi su gaba, akwai inda za su haɗu, wannan mahaɗar ce ke yanke yadda motar za ta tashi, kuma da ka matsar da bakin hannu rami ɗaya sama ko ƙasa ka matsar da ita. Shi ya sa motocin da aka ƙera takanas don tseren miƙaƙƙen layi na kwatan mil, wajen mita 402, yawancinsu hannu huɗu ne a jere da faranti masu ramuka birjik, ana saita su daidai da yanayin filin ranar. Su ba ruwansu da kwana, cijewar da ke damun masu kwana ba ta dame su ba. Kai ko Mustang masu ƙafar kamfani da aka ƙarfafa suna gudu na ban mamaki a wannan fage, har akwai rukunin gasa da dokarsa ta ce sai dai a bar hannuwa a mazauninsu na asali.

Inda tok-am ke da rauni

Birki. Duk abin da ya faru lokacin totur, juyewa yake lokacin birki. Yanzu hannun yana jan bodi ƙasa yana ƙoƙarin ɗaga aksil, a daidai lokacin da nauyi ya riga ya gudu gaba bayan ya yi sakayau. Tayar baya ta ɗan saki ƙasa, ta dawo ta kama, ta sake saki, sai bayan motar ya kama karkarwa da ƙara kamar ana dukansa da guduma. Masu tsere da Camaro sun san wannan sarai, yana zuwa ne a birki mai tsanani gab da kwana musamman idan an haɗa da sauke giya ba daidai ba. Kuma gajeren hannun da ya fi kyau wajen tashi shi ne ya fi jawo wannan. Ana rage shi da dogon hannu, da shok masu kyau, da rage ƙarfin birkin baya. Wasu ma sun ƙera wanda ke aiki lokacin totur kawai ya saki lokacin birki wani mahaɗin ya karɓa, amma saitinsa sai gwani.

Na biyu, a Camaro na kamfani bakin hannun a wutsiyar giyabos yake ɗaure. Da ƙarfin inji na asali ba laifi. Da an ƙara ƙarfi an sa taya mai kama ƙasa, duk turin nan a giyabos yake sauka, ya yage robar da ke riƙe da shi, wani sa'in ya fasa wutsiyar. Maganin da aka saba shi ne a mayar da mazaunin kan wani ƙarfe da ke gicciye a jikin shasi.

Sai ita sandar Panhard. Tunda lilo take yi a da'ira, duk hawa da saukar aksil sai ta ɗan ja shi gefe. Lissafin ba wuya: sanda mai tsawon mita 1 da ke kwance daidai, idan aksil ya hau santimita 10, gocewar wajen milimita 5 ce, ba abin damuwa ba. Amma idan an sassauke motar ƙasa aka bar sandar a karkace, aksil zai zauna a goce, taya ɗaya ta fi kusa da bodi, kuma motar ba za ta yi hali iri ɗaya a kwanar hagu da ta dama ba. Ko a sa sanda mai saiti a daidaita, ko a koma tsarin Watt mai sanduna biyu da maburgi a tsakiya, wanda ke riƙe aksil a tsakiya amma ya fi tsada da nauyi.

Akwai na uku a tsakani

Ford da ta sake Mustang a 2005 ba ta ɗauki ko ɗaya cikin biyun ba. Ta sa hannu biyu a ƙasa, guda ɗaya tal a sama a tsakiya, da sandar Panhard. Wato ta yarda da hujjar masu tok-am cewa a raba aikin riƙe gefe da na riƙe murɗa, amma ta bar gajeren hannu a sama. Da wannan ƙafar aka yi Mustang Boss 302 ta 2012, wadda ta ba mutane mamaki a filin kwana duk da aksil ɗinta guda ne. Wannan ya nuna cewa babban ciwon tsohon tsarin karkatattun hannuwan ne masu aiki biyu, ba kasancewarsu kwantirol-am ba. Toyota AE86 da Land Cruiser 80 ma hannu huɗu ne da Panhard, nasu a kusan miƙe suke, cijewar ba ta kai ta tsohuwar Mustang ba ko da yake su ma suna dogaro da roba.

Me wannan ke nufi ga mai mota?

Mai Camaro ko Firebird na 1982 zuwa 2002 ba shi da zaɓin da zai yi, da tok-am motarsa ta zo, nasa kawai ya duba mazaunin gaba da bushin. Mai Mustang ta 2005 zuwa 2014 ma ribar da zai samu in ya canza ba ta kai ta mai tsohuwa ba. Wanda maganar ta fi shafa shi ne mai Mustang ta 1979 zuwa 2004 da masu tsofaffin GM masu hannu huɗu.

Idan motar ta yawon gari ce da ɗan taka totur jefi-jefi, sabbin bushin na roba a sama, hannuwan ƙasa masu kyau da shok masu rai sun isa, kuma motar za ta fi shiru. Idan tashi daga tsaye ne abin sha'awa, hannu huɗu da aka ƙarfafa mazauninsa yana yi. Idan kuwa kwana ce da gudu, nan ne tok-am ke biyan kuɗinsa, domin direba yana iya fara taka totur tun bai gama fita kwana ba kuma bayan motar ba ya yi masa bazata.

Sai dai ba ƙarfe ɗaya ake saya ba. Da an cire hannuwan sama babu mai riƙe aksil ta gefe, don haka Panhard ko Watt dole ne, kuma ita ake fara sawa. A Mustang ana buƙatar a yi waldar ƙarafan da ke haɗa shasin gaba da na baya don mazaunin hannun ya samu wurin zama, ga sabbin sifirin, ga shok da za su iya da su, sau da yawa kuma sai an sake wa salansa hanya. Hannun da mazauninsa suna rage tazarar mota da ƙasa, idan kuma an sa mahaɗai na ƙarfe zalla maimakon roba, ƙarar aksil da ta titi za su riƙa shigowa ciki.

Ga wanda ya shigo da irin wannan mota Najeriya ko Nijar, waɗannan biyun na ƙarshe sun fi nauyi a kan yadda suke a Amurka. Tudun rage gudu da ramuka ba sa raga wa abin da ya rataya a ƙasan mota, ƙura kuma tana cinye mahaɗan ƙarfe da wuri, kayan kuma duk da dala ake sayo su a jira su iso. Akwai kuma jarabar a kai wa mai walda hoto a ce ya ƙera irinsa. Ƙarfen kam zai iya haɗawa, amma tsawon hannun, da kusurwar hancin tulu, da ɗan zamewar da bakin gaba ke buƙata, duk sai da awo. Idan aka ɗaure bakin nan ƙam ba wurin motsi, an dawo da cijewar da aka kashe kuɗi don a rabu da ita, kuma wannan karon a fallen da ke ƙarƙashin kujera ƙarfin zai riƙa sauka.